Daren Alhamis a Onomichi

Ƙarfe goma na daren Alhamis,
Inna Fumie ta jawo kwandon lemo kusa da gwiwarta,
ni kuma na kunna talabijin.
Kashi na bakwai ke nan.

A cikin akwatin akwai mai irin halittata.
Fuska sumul kamar ƙwai,
hawaye na zuba ta idon da haske ya fi kamawa.
Abokin ƙuruciya ya dawo daga birni da laima ɗaya tak,
ruwan sama kuwa, sai ka ce an biya shi lada,
ya jira suka gama gaisawa sannan ya kece.

Ni ruwa bai taɓa jirana ba.
Tikiti nake yanka a jirgin fito,
daga wannan gaɓa zuwa tsibirin can,
minti huɗu zuwa, minti huɗu dawowa,
shekara goma sha ɗaya,
hannuna na warin tsabar kuɗi da gishirin teku.

Mata-maza, in ji likitan wasan,
kamar mai shelar sunan tasha.
Inna ta rage sauti.
Wai kunnenta ne ke ciwo.
Kullum a daidai nan kunnen ke tashi.

Akwai tabo a ƙasan cibiyata,
siriri, fari, ɗinkin gwani.
An ce mini daga keke na faɗo ina shekara biyu.
Wane ɗan shekara biyu ke hawa keke?
Na haɗiye tambayar tun tana ƙaya
har ta zama ƙashin jikina.

Ni ma ina da wanda ya tafi.
Tatsuru, mai haƙorin gaba a karye,
wanda muke tonon ƙaguwa tare a ƙarƙashin gada,
ba ya tambayar dalilin da ba na cire riga in za mu shiga ruwa.
Babansa ya sami aiki a Sapporo,
suka loda kaya wata Lahadi, ko sallama ba mu yi ba.

Bara ya dawo.
Ba goge, ba laima.
Furfura a gefen kunne, tumbi ya ɗan fito,
akwati mai ƙafa ɗaya a karye,
da 'yarsa tana jan hannunsa tana neman banɗaki.
Ya miƙo kuɗi, na sunkuya ina ƙirga canji.
Sai na ji shiru ya tsaya a kaina.
Na ɗago.
Bakinsa ya rataye tsakanin ka da ki
kamar jirginmu in inji ya mutu a tsakiyar ruwa.
Sai ya bar su duka biyun, ya ce,
Shinobu.
Har yanzu ana cizon leɓe wajen lissafi?

Minti huɗu muka samu.
Biyu sun tafi a kan maganar gadar da aka rushe,
ɗaya a kan banɗaki.
Na ƙarshen muka kalli ruwa.
Ya rubuta lambarsa a bayan tikiti,
tana nan cikin gwangwanin shayi, ban kira ba,
ban kuma yar ba.

A talabijin an rungume juna.
Ya ce tun muna yara na sani, kuma ban damu ba.
Na yi tsaki, amma idona ya ci amanata,
domin ko ƙarya ce, an dafa ta da kyau,
kuma mai yunwa ba ya raina romo.

Sunaye suka fara hawa allo.
Inna ta gama ɓare lemon da ta riƙe tun farkon shiri,
ta tsince zaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya,
ta sa mini ɓari a tafin hannu,
idonta na kan akwatin.

Ta ce, ba keke ba ne.

Na ce, na sani, Inna.

Aka sako tallan sabulun wanki.
Muka kalle shi har ƙarshe,
babu wanda ya taɓa sauti.